Kwana 22 ƙwai bai fashe ba: a jira ko a zubar?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum masu kiwo. Ƙwan kaji 60 na zuba a injin ƙyanƙyasa mai aiki da sola, yau kwana 22. Guda 38 sun fito, biyar sun huda ɓawo sun tsaya, 17 shiru. A sati na biyu batir ya mutu cikin dare har sau biyu, ga sanyin hunturu. Yaya zan gane mai rai daga baragurbi ba tare da na fasa ba?

Malam mai kaji, Ɗambatta:
Wa alaikumus salam. Kada ka zubar da ko ɗaya tukuna, ɗan'uwa. Fara da lissafinka: ranar da aka zuba ƙwai ba ta cikin ƙirga, washegari ce kwana ɗaya. Da yawa nan suke tafka kuskure. Sannan kwana 21 ɗin nan sai idan zafi ya tsaya a digiri 37.5 na ma'aunin Celsius a inji mai fanka. Sanyin dare biyu ya isa ya ja ƙyanƙyasa zuwa kwana 22 ko 23. Haka ma ƙwan da ya haura sati a ajiye kafin a zuba shi, yakan makara.

Bari dare ya yi, ka rufe ɗaki, ka ɗora tocilar waya a gindin ƙwan, wato ɓangare mai faɗi inda gurbin iska yake. Ka dunƙule hannu a kai kada haske ya zube ta gefe. Mai rai za ka gan shi baƙi ƙirin in ban da gurbin iskar, wanda ya faɗaɗa ya karkace gefe guda. In ka ga inuwar ɗan baki ta leƙo cikin gurbin tana motsi, ya kusa, mayar da shi maza. Wanda haske ya ratsa shi fes, ko ka ga zoben jini, ko abin ciki yana kaɗawa kamar ruwa a gora, wannan babu rai a cikinsa. Ka kuma kara shi a kunne, ka ƙwanƙwasa da farce a hankali. Wanda ya shiga gurbin iska yakan amsa da kuka. Kada ƙwai ya wuce minti biyu a waje.

Hajiya mai kiwo, Hadejia:
Hanci ma yana aiki. Duk wanda yake wari ko yake tsatsafo da ruwa a ɓawo, a fitar da shi yanzu, don in ya fashe a ciki zai ɓata sauran. Akwai kuma gwajin ruwa: a zuba ruwan ɗumi kamar zafin injin a kwano, a bari ya natsa, a sa ƙwan. In yana rawa da kansa, da rai.

Mai gyaran inji, Gezawa:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, gwajin ruwan nan a bar shi ya zama na ƙarshe, kwana 23 zuwa sama. Tasowar ƙwai saman ruwa ba shaida ba ce, baragurbi ma yana tasowa saboda iskar da ke cikinsa. Motsin kaɗai ake dubawa, kuma tsako mai hutawa ba ya motsi. Ƙwan da ke da tsaga ko ta gashi ce bai kamata ya taɓa ruwa ba, tsakon zai shaƙa ya mutu.

Ni biyar ɗin da suka huda ne suka fi damuna. Daga huda zuwa fita ana ɗaukar awa 12 zuwa 24, wannan ba komai. Matsalar hunturu ita ce bushewar iska. Kwana ukun ƙarshe damshi ya kamata ya kai kashi 65 zuwa 70, kuma duk buɗe murfi da ka yi don kallo, damshin gudu yake yi. Sai tantanin ciki ya bushe ya manne wa tsako kamar leda, ya kasa juyawa. Ka kwashe 'yan tsakin da suka fito gashinsu ya bushe a buɗi ɗaya, ka cika tiren ruwan injin da ruwan ɗumi, ka ƙara jiƙaƙƙen soso.

In awa 24 ta wuce yana ta kuka ba ci gaba, ka ɓalle ɓawo kaɗan-kaɗan ta wajen gurbin iska, ka jiƙa tantanin da auduga, nesa da hancinsa. Da ka ga jan jijiya ko ɗigon jini, tsaya cak ka mayar da shi: bai gama zuƙe gwaiduwa ta cibiya ba, in ka ciro shi haka ba zai kwana ba.

Malam mai kaji, Ɗambatta:
Haka ne. Ka ba su zuwa kwana 24, iyaka 25, sai ka kashe inji. Ragowar ka fasa su a bayan gida ka duba kafin ka binne. Wanda ba komai a ciki, zakara ne bai yi barbara ba ko ƙwan ya tsufa. Tsako cikakke da gashinsa amma bai huda ba, ka tuhumi damshi da ramukan shan iska. In kuma akwai ƙwan zabi a tiren, kada ka taɓa shi, nasa kwana 26 zuwa 28 ne.