Neman shawara: ko tarihin da na ji daga bakin dattawan Agege zai shiga Wikipedia?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na buɗe asusu a Wikipedia ta Hausa da niyyar rubuta muƙala a kan zaman Hausawa a unguwar Agege da ke Legas, musamman yadda cinikin goro da layin dogon da ya haɗa Legas da Kano suka jawo kakanninmu har suka kafa zango a nan. Galibin abin da nake da shi daga bakin dattawan unguwa na ji, wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma ina tsoron kada ya salwanta. Shin zan iya rubuta shi yadda suka faɗa mini? Sannan kawuna yana cikin shugabannin 'yan kasuwa a Mile 12, ya nemi in buɗe masa shafi. Ina neman shawararku kafin in fara.

Tsohon edita, Obalende:
Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya yi wa niyyarka albarka. Ƙa'idar Wikipedia ita ce duk abin da aka rubuta sai mai karatu ya iya bin sawunsa har ya tarar da shi a wani rubutu da aka wallafa. Hirar da kai ka yi da dattawan bincikenka ne na kanka, don haka ba za ta zama madogara ba. Ba ana ƙaryata dattawan ba ne, sai dai mai karatu a Maraɗi ko Kumasi ba shi da hanyar tabbatar da abin da aka faɗa maka a zaure. Ka leƙa laburaren Jami'ar Legas a Akoka da reshen Laburaren Ƙasa da ke Yaba, ka nemi littattafai da mujallun bincike a kan fataucin goro, ka rubuta sunan marubuci da shekara da lambar shafi, sannan ka gina muƙalar a shafinka na gwaji, wato inda edita ke tsara rubutu kafin ya fitar da shi.

Batun kawu kuwa, ka ba shi haƙuri. Ba a son mutum ya rubuta game da danginsa, kuma tun 2014 sharuɗɗan amfani da Wikipedia suka wajabta wa wanda aka biya ya yi gyara ya bayyana hakan. Kuma ba muƙami ke sa mutum ya cancanci muƙala ba, sai idan majiyoyin da ba su da alaƙa da shi sun yi cikakken rubutu a kansa. Fosta da rubutun Facebook ba sa cikin lissafi.

Malama, Idi-Araba:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ni wannan ƙa'idar tana ci mini rai, domin tarihinmu mai yawa a ƙirjin mutane yake, kuma wanda ba a taɓa bugawa a kansa ba sai ya zama kamar bai wanzu ba. Saboda haka, ɗana, kada ka bari maganar dattawan ta bi iska. Ka koma wurin waɗanda ke raye, ka nemi izininsu, ka naɗi muryarsu tare da rubuta rana da wuri. Ana iya ɗora sauti da hotuna a Wikimedia Commons, wato rumbun hotuna da sauti da Wikipedia ke amfani da shi, amma ka fahimtar da su tun farko cewa lasisin can ya ba kowa damar amfani da abin, har a harkar kasuwanci, muddin ya ambaci mai shi. Hoto kuma sai wanda ka ɗauka da hannunka, domin haƙƙin tsohon hoton da ke rataye a gida galibi yana wurin wanda ya ɗauke shi.

Ɗalibi, Akoka:
Yaya, kafin babbar muƙala ka fara da ƙananan gyare-gyare, kamar maido da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, da daidaita jimlolin da aka kwaso daga fassarar na'ura ba tare da dubawa ba. Ka riƙa rubuta taƙaitaccen bayanin kowane gyara. Ka guji kirari da yabo, kuma idan majiyoyi biyu sun saɓa a kan wanda ya fara sauka a zangon, ka kawo duka biyun, kowace da mai ita. In wani ya soke gyaranka, ku yi magana a shafin tattaunawar muƙalar, inda editoci ke musayar ra'ayi, kada ka yi ta mayar da shi.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai. To, idan wata jarida ta buga hirarrakin nawa, zan iya kafa hujja da su?

Tsohon edita, Obalende:
Idan jarida ce mai editocin da ke tantance labari kafin bugawa, hirar ta zama abin da za a iya dubawa. Duk da haka, tunda kai ne marubucin, ya fi dacewa ka ajiye bayanin a shafin tattaunawar muƙalar, wani edita ya duba ya shigar da shi, a kuma jingina maganar ga dattijon da ya faɗe ta.