Muhawara kan faifan asali na tsofaffin finafinan katun

Baban Hanifa, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zagaye kasuwar Sabon Gari ina neman faifan asali na finafinan katun da muka kalla a kaset muna yara, domin in nuna wa 'ya'yana, amma abin da na samu shi ne faifai guda da aka cusa wa finafinai rututu, hoto dishi-dishi, murya tana riga baki. Laifin na masu finafinan ne, domin a da sukan fitar da fim na 'yan watanni, sannan su kulle shi shekara da shekaru.

Malamin Samaru: Wa'alaikumus salam. Kullewar gaskiya ce, kamfanin Disney ya daɗe yana yin ta a da. Fim ɗinsu Snow White ya fito a silima a 1937, bai shiga kaset ba sai 1994, ya hau DVD a 2001, Blu-ray, faifan da ya fi DVD kyan hoto, a 2009, kuma kowane zubi akan janye shi daga kasuwa. Sai dai ban yarda da kalmar "asali" ba. Cinderella da aka fitar a Blu-ray a 2012 an wanke hotonsa da kwamfuta har wasu layukan zanen riga suka ɓace, sai a 2023 aka dawo da su. Ina asalin yake?

Alhaji Mai Shago, PZ: Malam, a wurinmu 'yan kasuwa asali shi ne mai kwali da hatimin kamfani, sauran bayani na aji ne. Kuma ko na kawo shi, an raba faifan DVD yanki-yanki ne: faifan Amurka na yanki na 1 ne, Najeriya tana yanki na 5, ba kowace na'ura ce za ta karanta shi ba. Wa zai biya kuɗinsa ya koma gida ya ga allo baƙi?

Maman Sadik, Gyallesu: Alhaji, da girmanka, hatimin ma ana buga na jabu. Irin wannan ciniki ne ya durƙusar da masu finafinan Hausa, har kasuwar kaset ta Ƙofar Wambai a Kano ta zama tarihi.

Alhaji Mai Shago: Hajiya, waya da intanet ne suka kashe kasuwar nan, kada a ɗora wa masu shago. Ni ban taɓa sayar da jabu da sunan asali ba, kuma ban ji daɗin wannan shaguɓe ba.

Malamin Samaru: Ni ma ban ji daɗin "bayani na aji" ba, Alhaji, domin ilimi ba abin gori ba ne.

Baban Hanifa: Jama'a, tambayata a kan kulle finafinai take, don Allah a koma kanta.

Maman Sadik: Sai Alhaji ya fara gaya mana inda yake saro kayansa.

Kawu Na-Kongo: Tunda magariba ta gabato, bari in taƙaita. Abin da na fahimta shi ne masu shago ba su da laifi, domin mai saye ne yake neman araha, kuma Alhaji, wanda na sani tun zamanin kaset, ya kawo hujjar da ba wanda ya iya turewa. Malam ya faɗi shekaru, mun gode, amma bayaninsa bai taɓa kasuwa ba. Hajiya kuma ya kamata ta janye maganarta. Baban Hanifa, ka leƙa shagon Alhaji ranar Asabar da na'urarka a hannu, a gwada faifan a gabanka kafin ka biya.