Yajin aikin malaman firamare a Abuja: ina zan kai yarana?

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Don Allah shawara nake nema.

A shekarar 2025 nake wannan rubutu. Tun watan Maris da ƙungiyar malamai ta NUT reshen Abuja ta shiga yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, makarantun firamare na gwamnati a rufe suke, yarana biyu suna gida. Babbar tana aji huɗu, ƙaramin yana aji ɗaya. A Gwagwalada muke zaune, ni ina aiki a wani kamfani a cikin gari, maigidan kuma direba ne, sai ƙarshen mako yake dawowa.

Hutuna na shekara ya riga ya ƙare. Na nemi hutu ba albashi, aka ce sai dai in ajiye aikin. Islamiyyarsu sai bayan la'asar ake shiga, safiya ce matsalar. Wata maƙwabciya ce ke riƙe min su, amma ita ma goyo gare ta, kuma na fara ganin alamar gajiya a fuskarta, ban ga laifinta ba. Makarantar kuɗi kuwa, ta kusa da mu cewa suka yi sai an biya kuɗin zango gaba ɗaya har da na yunifom.

Shin akwai waɗanda suka haɗa kuɗi a unguwa suka ɗauki malami yana koyar da yara da safe? Nawa kuke biya a wata, kuma a gidan wa ake yi? Ko in tura su wurin kakarsu a Zariya har a janye? Tsorona kada a koma aji suna can.