Wai sai an gama da mu duniya za ta tashi?

Abu Safwan: Salam jama'a. Ni fa yau raina a ɓace yake, kuma na san wasu a gidan nan za su ce na fara. Wani bidiyo aka turo min, wani fasto Bature a Amurka ya kafa taswirar duniya ya zana wani dogon akwati tun daga yammacin Afirka har Japan, wai sunansa tagar 10/40, wai nan ne mutanen da bishara ba ta kai musu ba suka fi yawa. Sai ya buɗe Matiyu 24:14 inda aka ce za a yi wa'azin bishara ga dukkan al'ummai sannan ƙarshe ya zo, yace to Yesu su yake jira su gama aiki ya dawo. Na zuba ido sai ga Kano ga Katsina ga Sakkwato ga Yamai duk cikin akwatin. Ashe asibiti da makaranta da rijiyar burtsatse da ake kawo mana ba don Allah ba ne, mu cikon lissafi ne kawai, a gama da mu tashin duniya ya zo da wuri. Ni dai maganata ɗaya ce, su bar mu Hausawa da addininmu.

Yaya Bulus: Ƙanena tsaya. "Mu Hausawa da addininmu" kace? To ni wane ne? A ƙasar Kafur aka binne kakana da kakan kakana, ban iya wani yare ba sai Hausa, da Hausa nake addu'a da Hausa nake zagin ɗana in ya ɓata min rai. Yaushe aka raba gadon Hausa aka cire ni ban sani ba?

Abu Safwan: Yaya ba haka nake nufi ba, kai ma ka san abin da nake nufi.

Malam Sani Tela: Ai ba sai ka ba shi haƙuri ba. Gaskiya ɗaya ce, in aka ce Bahaushe ko a Makka ko a Kumasi Musulmi ake nufi. Su Bulus Maguzawa ne asalinsu, kowa ya sani, mene ne abin jin haushi a ciki.

Yaya Bulus: Malam Sani, Bamaguje da wane yare yake magana, Faransanci? Kai kakanka kafin Musulunci ya shigo Kano zamanin Sarki Yaji me yake yi a gindin Dala? Kowa yana da inda ya fito, bambancin kawai naku sun riga namu barin tsafi.

Malam Sani Tela: A'uzubillahi. Kar ka ƙara sa kakana cikin maganar nan.

Anti Rifkatu: Kai ka fara sa nasa ai 😂

Injiniya: Ni gyara kawai zan yi. Tagar nan wani ɗan mishan mai suna Luis Bush ne ya yaɗa ta wajen 1990, kuma ma'anarta daga digiri 10 zuwa 40 arewa da tsakiyar duniya. Kano na wajen 12, Zariya 11, Kaduna ta shiga da ƙyar, Jos kuwa ta faɗo waje da ɗan kaɗan. Kenan layi ne aka ja a taswira ba wai Hausawa aka ƙirga ba, Indiya da Sin ma suna ciki kuma su ne masu yawan.

Abu Safwan: Kaga Injiniya ya tabbatar da maganata.

Injiniya: Ban tabbatar da komai ba, digiri na faɗa maka.

Yaya Bulus: Ni ba zan bar maganar Bahaushe ba sai an warware ta, domin wannan abin shi ke cin mu kullum. Yaro ya je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma a garin ubansa a ga sunansa Yohanna a fara tambayarsa daga ina ya zo. Alhali cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932 yake, ɗan mishan Dokta Miller ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905 kafin daga baya a koma Wusasa. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci ABU, ba Kirista ba ne? Dokta Barau Dikko, likitan farko a Arewa, wanda asibitin Kaduna ke ɗauke da sunansa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, shi ma Kirista ne. Har ƙungiya muke da ita, Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, Hausawa da Fulani da Barebari. Sai yau wani tela zai ce min ni baƙo ne.

Malam Sani Tela: Telan ne ya ɗinka maka kayan Kirsimetin bara kuma har yau da saura.

Hausa Zalla: Dakata Yaya Bulus, Barau Dikko Bafulatani ne, kar ka cusa mana shi. Kuma ni a wannan maganar ina bayanka duk da ni Musulmi ne. Bahaushe jini ne ba addini ba. Waɗanda suka haɗa mana Hausa da Fulani suka mai da su abu ɗaya su ne suka raba mu da 'yan'uwanmu Maguzawa tun 1804.

Malam Sani Tela: To ga shi nan an zo wajen. Yanzu Shehu za ka taɓa? Mutumin da ya fitar da ku daga duhu?

Hausa Zalla: Ya tarar da mu muna sallah malam. Gobarau ta Katsina ta girmi jihadi da ɗaruruwan shekaru.

Baba Admin: A bar maganar Shehu haka, ba ita aka kawo ba.

Ɗan Maraɗi: Ni ban gane rigimar taku ba wallahi. Likitar Galmi ta 'yan mishan tun 1950 take nan kan hanyar Ƙonni, gyatumata can aka yi mata aiki ta tashi, ta dawo gida da carbinta a hannu kamar yadda ta tafi. In mutum ya yi maka magani don yana jiran Annabi Isa, kai kuma ka warke, me ya rage maka? Mu ma da muke sadaka ai lada muke nema, ba kyan fuskar almajiri ba.

Abu Safwan: Bambanci ne babba. Ni in na ba almajiri ba na rubuta shi a takarda in aika Amurka in ce saura kaza.

Ɗan'uwa Ishaya: Salama gare ku. Ni ba zan ɓoye ba don a ji daɗi, abin da faston nan ya faɗa gaskiya ne kuma ba Bature ne kaɗai ke faɗa ba, mu ma nan mun yarda. An umarce mu a Matiyu 28 mu je mu almajirtar da dukkan al'ummai, ba a ce ban da Kano ba. Alamu kuma duk sun cika, Isra'ila ta dawo ƙasa a 1948, yaƙe-yaƙe da jita-jitar yaƙi, girgizar ƙasa, ga Ezekiyel 38 maganar Gog da Magog ku duba ƙasashen da ke kewaye da Isra'ila yau ku faɗa min. Fyaucewa ta kusa, ƙaho zai busa a ɗauke masu bi cikin gizagizai kamar yadda 1 Tasalonikawa 4 ta faɗa, wanda aka bari ya shiga ƙunci mai tsanani. To in na san haka na yi shiru ban faɗa wa Abu Safwan ba ai ni ne maƙiyinsa. Yanzu ma ba Turawa ke aikin ba, 'yan Najeriya ne, har buri aka taɓa ɗauka na tura 'yan mishan 50,000 cikin shekara 15 su ratsa Arewacin Afirka har Urushalima.

Abu Safwan: ALLAHU AKBAR. Ku adana wannan saƙon kafin ya goge. Da bakinsa ya faɗa.

Anti Rifkatu: Ishaya don Allah ka riƙa cewa "cocinmu", kar ka ce "mu". Ni 'yar Katolika ce kuma ba a taɓa koya mana wata fyaucewa ta ɓoye ba da za a kwashe wasu a bar mota ba direba. Mun gaskata Yesu zai sake dawowa ya yi wa rayayyu da matattu shari'a, shi ke nan, kowace Lahadi muna faɗa. Wannan tsarin naku na jadawali wani Bature ne John Darby ya shimfiɗa shi a ƙarni na 19, Amurkawa suka ɗauka suka yayata, kafin nan shekara dubu da ɗari takwas Kiristoci na rayuwa ba su san shi ba. Kuma a Matiyu 24 ɗin da kuke ta jawowa, ka gangara aya ta 36, an ce ranar da sa'ar ba wanda ya sani ko mala'iku. Wani William Miller ya sa mutane suka jira a 1844 ba abin da ya faru. Harold Camping ya cika duniya da allunan talla cewa 21 ga Mayu 2011 ce ranar, mutane suka sayar da kayansu, gari ya waye ya ce a'a Oktoba ce. Ba ku gaji ba? Mu tun 1965 majalisar Vatican ta rubuta cewa coci na girmama Musulmi don suna bauta wa Allah ɗaya suna kuma girmama Maryamu.

Ɗan'uwa Ishaya: Anti da girmanki, ku da kuke durƙusa wa mutum-mutumi ba ku za ku koya mana Littafi ba.

Anti Rifkatu: Na yi maka wanka kana jariri, ka kiyaye ni.

Malam Sani Tela: Ku ci gaba muna kallo 🍿

Yaya Bulus: Malam Sani kar ka yi dariya, ku ma jiran kuke. Ba ku ce Annabi Isa zai sauko a farar hasumiya gabas da Dimashƙa ya kashe Dujal a ƙofar Ludd ya karya gicciye ba? Ba ku da Yajuju da Majuju a Suratul Kahfi? Sarkin Musulmi Attahiru da jama'ar da suka bi shi gabas a 1903 har aka kashe shi a Burmi, ba maganar Mahadi ce a bakin mutane da yawa ba, har jikokinsu suna Mai Wurno a Sudan yau? Tawayen Mahadi na Satiru a 1906 fa? Wanda ya kame Harami a 1979 ranar farko ta shekarar 1400 ba cewa ya yi surukinsa ne Mahadi ba? Kowa da nasa mai gaggawar.

Malam Sani Tela: Mu ba mu ce sai mun musuluntar da kai zai sauko ba. Lokacinsa na wurin Allah. Kuma Shehu da kansa ya rubuta cewa shi ba Mahadi ba ne.

Yaya Bulus: To mu ma da yawanmu haka muka ce, Ishaya ne dai bai ji ba. Samari uku ne suka fara ƙungiyar mishan ta SIM a 1893, biyu sun mutu a 1894 ko mutum ɗaya ba su samu ba, na ukun Bingham ya sake dawowa. Mai neman cika takarda ba ya haka. Waɗanda suka zauna suna wanke wa kutare miki lokacin da danginsu suka gudu, ka kira su duk abin da kake so amma ba 'yan lissafi ba.

Abu Safwan: Yaya wannan ai hujjata ce ba taka ba. Me zai sa saurayi ya baro Kanada ya zo sauro ya kashe shi in ba ya yarda lokaci ya ƙure ba? Kuma me ya sa fastocin da suka yi addu'a ranar buɗe ofishin jakadancin Amurka a Ƙudus a 2018, irin su John Hagee, duk masu wa'azin ƙarshen zamani ne? Ana kashe yara a Gaza wasu na tafi wai annabci na cika.

Ɗan'uwa Ishaya: Wanda ya albarkaci Isra'ila za a albarkace shi, Farawa 12:3.

Anti Rifkatu: Ibrahim aka faɗa wa wannan, ba gwamnati ba. Akwai Kiristoci a Gaza da Baitalami, su fa wa zai albarkace su?

Hausa Zalla: Har yanzu ba wanda ya amsa tambayar, Bulus Bahaushe ne ko ba Bahaushe ba?

Malam Sani Tela: Mai jin Hausa ne.

Yaya Bulus: Mai jin Hausa?? Ni da na gyara maka karin magana a gaban surukanka?

Ɗan Maraɗi: Ku 'yan Najeriya komai sai kun mai da shi faɗa. Ni na tafi sallah.

Injiniya: Maraɗi ma tana cikin tagar fa, 13 da rabi.

Abu Safwan: Shekara nawa da aka zubar da jini a Kano a 1991 kan zuwan mai wa'azin Kirista Bonnke, amma har yanzu ba a koyi komai ba, ana ta zana mu a taswira.

Yaya Bulus: Wa aka kashe a ranar, wa ya kashe? Ka faɗa mana tunda ka ɗauko.

Baba Admin: Ya isa haka. Na karanta komai tun daga sama kuma ga abin da aka tsayar. Na ɗaya, maganar Abu Safwan ta tabbata, Injiniya ya kawo lissafi shi kuma Ishaya ya amsa da bakinsa cewa akwai shiri a kanmu har da adadin mutane. Na biyu, su kansu Kiristocin ba su daidaita ba, Rifkatu ta nuna abin ƙirƙirar Turawa ce, mun gode mata. Maganar Galmi ba a musa ba amma ba ita ake yi ba. Batun ko Bulus Bahaushe ne, ɗanmu ne muna ƙaunarsa, amma abin da aka sani a al'ada shi Malam Sani ya faɗa, sai dai ya gyara lafazi. Hausa Zalla wannan gargaɗi na biyu ne kan taɓa Shehu. Na cire Ishaya na kwana uku saboda wa'azi a gurup, doka ta hana. Na rufe gidan sai da safe, wanda bai turo kuɗin gudummawar bikin 'yar Injiniya ba ya same ni ta gefe.