Tuntuɓe gushin gaba: yaushe ake faɗa wa yaron da ya ɓarar da fenariti?

Kociyan Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Karin maganar da na kawo yau ita ce "tuntuɓe gushin gaba", kuma na kawo ta ne saboda abin da ya same ni ranar Asabar. Ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 15 a unguwarmu. Mun kai wasan ƙarshe, aka tashi 1-1, aka je bugun fenariti. Yaron da na fi yarda da ƙafarsa shi na ajiye a bugu na biyar, sai ya ɗaga ƙwallon sama da raga har ta faɗa bayan katanga. Ya zauna dirshan cikin ƙura, ya cire takalmi ɗaya ya riƙe a hannu, bai yi kuka ba, bai ce uffan ba. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Tashi, tuntuɓe gushin gaba ne." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Koci, wane gaba? Ai an gama gasar." Wallahi na rasa amsa. Yau kwana uku bai zo atisaye ba. Ni na yi kuskuren wurin faɗa, ko maganar ce ba ta dace da ƙwallo ba?

Malamin Hausa daga Kongo: Wa alaikumus salam Koci. Mu fara da kalmar. "Gushi" daga "gusa" take, wato matsawa. Duk wanda ya taɓa buga ƙafa da dutse ya san abin da jiki ke yi: sai ka ga ka yi taku biyu ko uku da sauri don kada ka kifa, kafin ka ankara ka wuce inda kake. Abin da magabata suka gani ke nan. Kuma ka lura, wanda ke tsaye ba ya tuntuɓe, sai mai tafiya. Yaronka ya ɓarar da fenariti ne don ya yarda ya fito ya buga. Nawa ne suka sunkuyar da kai lokacin da kake neman masu bugawa? Maganar ta dace da shi sarai.

Tsohon Gola, Sabon Gari: Malam, Allah ya ƙara sani, amma ban yarda ba. Na tsare raga shekaru da yawa, na ga yadda irin waɗannan maganganu ke sangarta yara. A ci mu 3, a ce tuntuɓe gushin gaba. Mako ya zagayo a sake cin mu ta wannan gefen dai, a sake maimaitawa. Wanda ke buga ƙafa da dutse ɗaya kullum, yatsa kawai yake fasawa. Ni kociyan da ya gyara ni ba ya lallashi. Washegarin wasa zai tsayar da ni a inda na tsaya lokacin da aka ci ni, ya sa a yi ta bugo mini irin wannan ƙwallon har sai na gane cewa fitowa nake yi da wuri. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Malamin Hausa daga Kongo: Ai Yallaɓai ba mu saɓa ba. Ba a ce tuntuɓe ya isa a kai ga gida ba, gushi kawai aka ce.

Ɗan Dambe, Ƙofar Gayan: Ku bari in sa baki. A wurinmu da bambanci tsakanin tangaɗi da faɗuwa. Idan ka yi tangaɗi ka tsaya da ƙafarka, dambe na ci gaba. Idan hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa, an kashe ka, makaɗa sun juya waƙa kan abokin karonka. To abin da ya sami yaron nan kisa ne, ba tuntuɓe ba, a ranar dai. Shi ya sa ya ce wane gaba. Mu idan aka kashe yaro, ubangidansa ba ya yi masa karin magana a fage. Kwance masa zaren hannu yake yi, ya ba shi ruwa, su bar wurin. Magana sai gari ya waye.

Yaya Babba, Gyallesu: Wannan ita ce gaskiya, Ɗan Dambe. Amma Koci, akwai amsar "wane gaba", kuma tana cikin tarihin ƙwallonmu. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, Brazil ta ci Najeriya 1-0 a rukuni. Suka sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe, aka je hutun rabin lokaci Brazil na da 3, mu 1. Victor Ikpeba ya rama ɗaya, Kanu ya farke ana dab da tashi, ya kuma ci ƙwallon zinare, wato wadda ke ƙare wasa nan take, a ƙarin lokaci, aka tashi 4-3. Muka doke Ajantina 3-2 muka ɗauki zinare, da 'yan Kaduna a cikin tawagar, su Garba Lawal da Tijjani Babangida da Daniel Amokachi. To waɗannan mutum biyu, Kanu da Ikpeba, su ne fenaritinsu bai shiga lissafi ba a wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Legas a 2000, Kamaru ta ɗauke kofin a gabanmu. Na Ikpeba ma ta bugi ƙarfen sama ta sauka bayan layi, alƙalin wasa bai ba shi ba. Ka gaya wa yaron wannan. Ya san cewa ƙafar da ta kawo zinare ita ma ta taɓa ɓararwa.

Maman 'Yan Biyu, Samaru: Ni uwa ce, ba kociya ba, amma yarana biyu na buga ƙwallon kwando. Ba sai mun je Atlanta ba. Masai Ujiri a nan Zariya ya tashi, a nan ya koyi kwando. Bai taɓa buga wasa a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba. Da ya daina wasa sai ya fara aikin nemo 'yan wasa wa ƙungiyar Orlando Magic ba tare da albashi ba, daga baya ya shugabanci Toronto Raptors har suka ci kofin NBA a 2019. Gaban da ya gusa ba shi ne wanda ya sa wa ido tun farko ba. Sai dai Koci, don Allah ka ji ni: yaro ɗan shekara 14 ba labarin manya yake buƙata da farko ba. Abin da ke cin sa shi ne yadda zai wuce ta gaban mai shayi, da abin da abokansa ke faɗa a makaranta, da tunanin ko ka daina yarda da shi. Ka je gidansu. Kada ka aika.

Tsohon Gola, Sabon Gari: Hajiya, na yarda da zuwa gida. Amma idan ya dawo a nuna masa laifin ƙafar. Ƙwallon da ta tashi sama yawanci jikin mai bugu ne ya kwanta baya, ko ƙafar tsayuwa ta yi nisa da ƙwallon. Abu ne na gyara, a mako biyu an gama.

Kociyan Tudun Wada: Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na je gidansu bayan la'asar kamar yadda Hajiya ta ce. Na tarar da shi a zaure yana wanke wa mahaifinsa babur. Ban yi masa karin magana ba, ban kuma kawo zancen Kanu ba tukuna. Na ce masa ranar Alhamis akwai atisaye, kuma a wasa na gaba idan aka samu fenariti shi zai buga. Ya tsaya da soso a hannu ya ce, "Ko na sake ɓararwa?" Na ce ko ka sake. Yallaɓai Gola, idan kana da sarari ranar Alhamis da ƙarfe 4:30, ka zo ka tsaya masa a raga ka duba mana ƙafar tsayuwar nan.

Tsohon Gola, Sabon Gari: In sha Allahu zan zo. Ka ce masa ya zo da takalmansa duka biyu, ka kuma tanadi ƙwallo akalla uku don kada mu ɓata lokaci wajen ɗaukowa daga bayan katanga.