Su wa suka rage a cikinmu masu jiran zanen Juma'a?

Tela daga Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Ranar Lahadin da ta wuce an ɗauke wuta bayan la'asar, na ture keken ɗinki gefe ina latsa waya, sai na ci karo da sabon kashi na labarin zanen nan namu na Zariya da ke fitowa a Facebook duk Juma'a. Kun gane wanda nake nufi, na yaron nan ɗan napep da ke neman yayansa da ya tafi ci-rani ta Agadas aka daina jin ɗuriyarsa. Da na duba kwanan wata, ashe kwana 9 ke nan da sa shi. Ban sani ba, kuma ba wanda ya taɓo ni ya ce, "Oga, ka ga na yau?" Abin ya tsaya mini a rai.

Kafin korona, in an sauko daga masallacin Juma'a yaran shagona ba sa komawa kan keke sai an karanta. Waya ɗaya, kai biyar a kanta, ana ture juna, mai wayar yana roƙon a bari ya ja ƙasa a hankali. Sharhi kuwa sai yatsanka ya gaji ba ka kai ƙarshensa ba. Wannan karon na ƙirga, sharhi 11 ne, huɗu daga ciki na masu tallar data.

Na karanta kashin. Yaron ya tsaya a Kwangila, ya sayi ruwan leda, ya ɗaga kai ya kalli gada, ya tuna yayansa, sai aka rubuta a haɗu mako mai zuwa. Wallahi tun bara abin da yake yi ke nan. Shi ya sa nake so kowa ya faɗi inda ya tsaya da abin da ya tsayar da shi. Don Allah kada a kama sunan mai zanen, kada kuma a zage shi. Ya sa mu farin ciki shekara da shekaru.

Ɗalibar lauya a Kongo:

Wa alaikumus salam Yaya. Ni a makare na shigo. Lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda aka fara a Fabrairu ba a janye ba sai Oktoba, ina zaune a gida a Gyallesu ba aikin fari ba na baƙi, wata ƙawata ta turo mini. Dare huɗu na yi na cinye duk abin da aka zana tun daga farko. In ka karanta shi a jere haka ba ka ganin jan da ake yi wa labarin, don kashin da ba a yi komai a cikinsa ba minti ɗaya ne ka wuce shi. Sai da na kamo sauran jama'a na fara jiran mako-mako, a nan na gane abin da tsofaffin masu karatu ke kuka da shi.

Amma ba jan ne ya kore ni ba. Yarinyar nan mai tallar fura ce. Don ita na zauna. A farko bakinta kamar reza, ita ce ta ƙwace takardar da dillalin nan ya so yaron ya sa wa hannu, ta karanta ta da ƙarfi a gaban mutane, ta ce masa wannan bashi ne ba taimako ba. Tana tara kuɗi a gwangwanin madara don ta koma makaranta. Ina gwangwanin yake yanzu? An mayar da ita mai leƙen taga da hawaye, ba ta da magana sai "Allah ya dawo da kai lafiya". Na rubuta wannan a sharhi har sau biyu cikin ladabi. Ranar da na ga an sake zana ta a tagar nan, da gyale iri ɗaya da hawaye iri ɗaya, na rufe, ban kuma komawa ba.

Ɗan Sabon Gari:

Ni dai gaskiya data ce. Facebook na kyauta rubutu kawai yake nunawa, hoto sai da data, shi kuwa wannan abu duk hoto ne. Da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, sai na fara tara kashi uku ko huɗu in buɗe su lokaci ɗaya. Daga tarawa sai mantuwa. Ƙannena kuma ko kallonsa ba sa yi, suna TikTok.

Mai zane daga Samaru:

Malam Tela, ka yi mini izini in ɗan tsawaita, don ni na ga abin ta ciki. A sashen zane na ABU na yi karatu, kuma na taɓa fara nawa labarin a intanet. Kashi 14 na yi na ajiye.

Abin da kuke karantawa cikin minti biyu, ga yadda ake yin sa. Za ka rubuta maganganun, ka tsara akwatunan a takarda da fensir, ka bi da baƙin layi, ka sa launi, sannan ka zuba rubutu a bakin kowa. Shafi ɗaya mai kyau yana cin yini guda, in da wuta ke nan. Ga wata wahala da mai karatu ba ya gani: yawancin salon haruffan da ke kyau a zane ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Sai ka rubuta b da d da k, ka dawo ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana lanƙwasa musu kai da hannu. Mutumin nan ya yi shekaru yana wannan, ban taɓa kama shi ya bar "ƙofa" a "kofa" ba. Ko don wannan kaɗai ina girmama shi.

A Koriya ta Kudu, inda aka raya irin wannan zanen da ake ja ƙasa a waya, manhajar Webtoon da ta buɗe wa duniya a 2014 tana biyan masu zanen da ta ɗauka. Da yawansu suna da mataimaka, wani na launi, wani na bango da gidaje. Kuma zango-zango suke yi: a yi wata da watanni ana fitarwa, a rufe zango, mai zane ya huta ya tsara na gaba. Namu shi kaɗai ne, ba mai biyansa, ba hutu, ga iyali. Mutumin da Juma'a ke binsa bashi kowane mako ba shi da lokacin zama ya yi tunanin inda labari zai dosa. Abin da ya fi sauƙi shi ne ya tsayar da yaron a Kwangila ya sa shi tunani.

Duk da haka ba zan rufe ido ba. Ku koma kashin farko-farko ku dubi yadda ya zana Ƙofar Doka bayan ruwan sama, da jar ƙasar da ta zubo gindin bango, da akuya ta raɓe, da ɗan acaba ya naɗe ƙafar wando. Hannunsa bai ƙware ba a lokacin, fuskoki ma suna karkacewa, amma ka san ya je wurin ya tsaya ya kalla. Yanzu layinsa ya yi sumul, sai dai bango ɗaya yake kwafowa yana liƙawa. Titin da ya kira PZ shi ne ya kira Ɗan Magaji, allon shago kawai ya sauya. A garin nan ne su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, suna ɗalibai, a kan cewa mai zane ya ɗebo daga abin da ke ƙasarsa. Da wannan aka raine mu a aji. Shi ya sa bangon kwafen nan ya fi yi mini ciwo a kan jan labarin.

Ɗalibar lauya a Kongo:

Malam, na gode, ban taɓa sanin zancen haruffan nan ba. To amma me zai hana ya fito ya ce zai huta wata uku? Wallahi da mun jira shi.

Mai zane daga Samaru:

Tsoro ne, ƙanwata. In shafi ya yi shiru, Facebook yana rage nuna shi ga mutane, ka dawo ka tarar kamar sabon farawa. Ni abin da ya kashe nawa ke nan.

Hajiya, tsohuwar malamar Hausa daga cikin Birni:

'Ya'yana, sannunku da hira. Jikokina ne suka koya mini wannan abu. Da daddare sukan zo ɗakina, babbar ta riƙe waya tana karantawa, ƙananan suna kwaikwayon muryoyi. Abin da ya sa na bar su shi ne harshen. Mutanen cikin zanen da bakinmu na Zazzau suke magana. Tsohuwar nan kakar yaron takan ce "rigan nan" da "motan nan", har wasu 'yan Kano suna shigowa sharhi suna cewa a gyara, ana mayar musu da cewa haka muke faɗi. Na shekara 30 ina koyar da daidaitacciyar Hausa, ina jan jan biro a kan irin wannan, amma da na gan shi a bakin tsohuwa cikin zane sai na ji kamar mahaifiyata ce ke magana.

Yanzu kakar ba ta fitowa sai jefi-jefi, samarin kuma rabin maganarsu Turanci. Wataƙila yana neman masu karatu na nesa ne. Na kusa dai sun ji a jikinsu.

Sannan ku tuna garin nan ya san labarin da ake bayarwa kaɗan-kaɗan. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, mutane suna zama a zaure a karanta musu, su watse suna jiran fitowa ta gaba. Ba haƙurin jira muka rasa ba. Ko tatsuniya, yaro yana zama ne don ya san ƙurunƙus na zuwa. Ƙaramin jikana ya tambaye ni watannin baya, "Hajiya, wai yayan nan ya mutu ne ba a gaya mana ba?" Ban sami abin ce masa ba. Tun daga nan bai ƙara neman a karanta ba.

Ɗan napep, Kwangila zuwa Samaru:

Ni har yanzu ina karantawa, ko da yake ba na sharhi. Dalili kuwa shi ne, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 na rubuta cewa yaron nan yana yawo da napep ba fasinja daga safe har dare, wa ke zuba masa mai, kuma me yake kai wa mai keken da yamma? Mu da ke wannan sana'a mun san in ba ka haɗa balas ba gobe ba kai ba makulli. A farkon labarin ana nuna wannan, har akwai inda ya kwana da yunwa don ya cika kuɗin. A nan na so shi, don rayuwata na gani.

Kafin awa ɗaya mutum ya fi 20 a kaina. Wai in ban so in zana nawa, wai hassada ce, wai kyauta ake ba ni ina raini. Wata ma ta ce ɗan napep me ya sani a zane. Na goge abin da na rubuta. Mutum uku na sani a tasharmu da aka yi wa haka. Biyu sun daina karantawa gaba ɗaya.

Maman 'yan biyu daga Hanwa:

Ɗan'uwa, ka yafe mini. Ban san ko ina cikin waɗanda suka taso maka ba, amma na yi wa wasu irin haka, ba sau ɗaya ba. A lokacin gani nake kare shi nake yi. Ina cikin waɗanda suka biya kuɗi suka shiga grup ɗin WhatsApp da ya buɗe don a riƙa ganin kashi kafin kowa. Mun ga yadda wasu ke ɗaukar hoton allo suna rabawa kyauta tun kafin gari ya waye, mun ji shi da muryarsa yana cewa kuɗin ko na caji da data ba sa isa. Sai duk wanda ya yi gyara muka ɗauke shi maƙiyi.

Yau grup ɗin nan shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. In ya sa sabon kashi, mu shida ko bakwai ne muke cewa "Masha Allah, Allah ya ƙara basira", shi ke nan. Ba mai cewa yarinyar ta canza, ba mai tambayar ina kaka. Masu faɗin haka mun kore su da bakinmu. Ni kaina na ga duk abin da ɗalibar nan ta faɗa, na yi shiru don kada a ce na juya baya. Jiya na tura masa saƙo ni kaɗai, na ce ya dawo mana da gwangwanin madarar nan, kuma in hutu yake so ya ɗauka, za mu riƙa tura tsofaffin kashi a shafin kada ya mutu. Ya buɗe saƙon, bai amsa ba tukuna.

Ɗan napep, Kwangila zuwa Samaru:

Ba komai Anti, ya wuce. In ya amsa ki ce masa akwai mai ɗaukarsa kyauta ya zaga da shi gari, daga Kwangila har Wusasa, ya sake kallon titunan da idonsa. Da gaske nake.

Tela daga Tudun Wada:

Na gode muku duka, musamman Hajiya da ta ɓata lokacinta a kanmu. Malam na Samaru, na koma na duba Ƙofar Dokar da ka ce, har akuyar na gani.

Ɗazu da hantsi wani tsohon yarona ya zo gaishe ni. Shi ne mai wayar da muke taruwa a kanta a da. Yana ɗan shekara 16 ya zo koyon ɗinki wurina, yanzu yana da shagonsa a Tudun Jukun, ya yi aure, har da 'yarsa ya zo da ita a kafaɗa. Muna cikin gaisawa na ce masa jiya zancen labarin nan muka kwana yi. Ya yi dariya, ya sauke yarinyar, ya ce, "Oga, an ga yayan kuwa?"

Na ce masa tukuna. Ya ce duk ranar da aka gan shi in kira shi, ko tsakar dare ne.