Narkar da nama da ɗumama abinci a na'urar maikirowef: abin da muka gani a gidajenmu

Maman Hanifa, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa, ina roƙon waɗanda suka daɗe suna aiki da na'urar maikirowef su faɗa mana abin da suka gani da idonsu, musamman wajen narkar da daskararren nama da ɗumama abinci. Tun bayan babbar salla firizarmu cike take da naman layya, kuma duk ranar da aka makara wajen ɗora miya sai a ciro ƙullin nama a saka a na'urar. Yadda naman yake fitowa shi ne yake damuna: gefensa ya yi fari, ya yi zafi har yana tsatstsafar da ruwa, amma tsakiyarsa ƙanƙara ce wadda wuƙa ba ta shigarta. Idan naman ya yi yawa kuma, sai yara su ce a mayar da rabi firiji sai gobe. Hankalina bai kwanta da hakan ba, shi ya sa nake so in ji dalili, in kuma ji yadda kowa yake yi a gidansa.

Malam Sani, Kawo

Wa alaikumussalam, Maman Hanifa. Ina koyar da fiziks a wata makarantar sakandare, kuma abin da kika kwatanta ba lalacewar na'ura ba ce, haka aikinta yake. A cikinta akwai wani sashe da ake kira magnetiron, wanda yake fitar da igiyoyin lantarki dangin na rediyo masu kaɗawa sau biliyan 2.45 a daƙiƙa ɗaya. Waɗannan igiyoyi suna sa ƙananan ƙwayoyin ruwan da ke cikin abinci su riƙa jujjuyawa, daga nan zafi yake tasowa. Wani injiniya a kamfanin Raytheon na Amurka mai suna Percy Spencer ya lura da wannan a 1945, lokacin da yake aiki kusa da na'urar rada mai gano jirage daga nesa, alewar da ke aljihunsa ta narke.

Abu biyu ne suke jawo abin da kika gani. Na farko, igiyoyin ba sa shiga abinci da nisa, bai wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba, sauran zafin a hankali yake ratsawa daga waje zuwa ciki, saboda haka maganar da ake yi cewa na'urar tana dafa abinci daga ciki zuwa waje ba gaskiya ba ce. Na biyu, ƙanƙara ba ta karɓar igiyoyin yadda ruwa yake karɓa, domin ƙwayoyinta a ɗaure suke. Da zarar wani gefe ya narke ya zama ruwa, shi ne zai riƙa kwashe ƙarfin na'urar, ya yi ta zafi har ya soma dahuwa, alhali tsakiya tana nan yadda take. Maɓallin narkarwa an yi shi ne domin rage wannan matsala: yana kunna magnetiron ɗin yana kashewa, ƙarfin ya tsaya kusan kashi 30 cikin 100, domin zafi ya samu lokacin ratsawa. Na taɓa nuna wa ɗalibaina wannan da malmalar tuwon shinkafa da ta kwana a firiji. Wajenta ya yi zafin da ba ya taɓuwa, amma da muka tsaga ta biyu, duk wanda ya sa yatsa a tsakiya sanyi ya ji. A gidana tun wajen ajiya ake gyara lamarin, ana raba nama gwargwadon miya ɗaya, a shimfiɗa shi a leda ya yi faɗi maimakon a dunƙule shi.

Hajiya Asabe, Barnawa

Maman Hanifa, 'yar uwata, kada ki yarda a mayar da naman nan. Sana'ata ita ce dafa abincin biki da taro, kuma ƙa'idar da na kafa wa masu yi mini aiki ita ce duk naman da ya shiga maikirowef domin narkarwa, daga can tukunya zai wuce kai tsaye. Gefen nan da ya yi fari ya riga ya shiga yanayin da ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa, wato tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, inda wasunsu suke ninka yawansu cikin minti 20, kuma zafin da ya samu bai kai ya kashe su ba. Idan naman ya yi miki yawa, ki tafasa shi duka da gishiri da albasa, ya huce, sannan ki ajiye dafaffen.

Ga yadda nake yi idan lokaci ya ƙure. Ina cire naman daga ledarsa tukuna, in zuba shi a kwanon tangaran mai ɗan zurfi domin ruwan jinin ya taru a ciki, kada ya malale a faifan da ke juyawa, wanda an jima za a ɗora wa abincin yara. Ina tsayar da na'urar a kai a kai, in juya naman, in ɓamɓare yankunan da suka saki in fitar da su. Kaza ta fi komai wahala, domin fukafukai da ƙafafu suna soma dahuwa alhali cikinta da ƙirjinta suna daskare, don haka ba na saka ta ɗungurungum. Wajen dafawa kuma na sayi ma'aunin zafi mai tsinke, ina soka shi a wuri mafi kauri na cinya ba tare da ya taɓa ƙashi ba, sai ya nuna digiri 75 nake saukewa. Amma in gaskiya za a bi, na fi son in sauko da nama daga firiza zuwa ƙasan firiji tun da dare, ko in nutsar da shi a ruwan sanyi cikin leda maras huji ina canza ruwan duk rabin awa. Ɗanɗanon ma ya fi.

Malama Rabi, Tudun Wada

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya fi kawo mana mutane ba nama ba ne, shinkafa ce. Akwai wani gida da aka kawo mana uwa da 'ya'yanta da hantsi, duk suna ta amai. Da muka bincika, dafa-duka ce da aka kawo musu daga walima, ta kwana a kula a kicin, da safe aka ɗumama ta a maikirowef har tana tururi. Uwar tana ta rantsuwa cewa abincin da zafinsa suka ci, kuma ba ya wari, na kuma yarda da ita. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da take zuwa tare da ɗanyar shinkafa, dafuwa ba ta kashe irinta, kuma idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ɗumi sai ta farfaɗo ta fitar da guba. Wannan gubar ko tafasa ba ta karya ta, balle ɗumamawa, kuma aman yakan soma cikin awa shida da cin abincin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a ɗaki, a sa shi a firiji ƙasa da digiri 5 ko a riƙe shi da zafi sama da digiri 60. Hukumomin abinci na Amurka sun rage wa'adin zuwa awa ɗaya idan zafin gari ya haura digiri 32, kuma duk mun san yadda Kaduna take a watan Maris da Afrilu. Ina roƙon iyaye mata da wani abu kuma: kada a ɗumama madarar jariri ko nonon uwa da aka tatsa a wannan na'ura. Fida tana iya zama da ɗumi-ɗumi a hannu alhali a cikin madarar akwai wurin da zai ƙona bakin yaro, kuma na ga jaririn da hakan ya same shi. A tsoma fidar a kwanon ruwan ɗumi, a girgiza, a ɗiga a bayan hannu kafin a ba shi.

Alhaji Garba, Rigasa

Malama, ban ƙi maganarki ba, amma ina da tambaya. Mu da ɗumame muka girma, tuwo da miyar kuka su kwana ba firiji ba wuta, da safe a ɗumama mu ci mu tafi makarantar allo, kuma ba mu san wannan ciwo ba. Me ya canza?

Malama Rabi, Tudun Wada

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ka tuna yadda iyayenmu suke yi. Kafin a kwanta ana sake tafasa miyar a rufe ta, ba wanda zai ƙara sa mata ludayi, da asuba kuma a mayar da ita murhu ta tafasa sosai, a yanka tuwon ƙanana a cikin ruwa ko miya har zafi ya ratsa ko'ina. Yanzu kuwa yaro zai ciro malmala guda, ya danna minti ɗaya, ya ga tururi a sama ya ɗauka ta yi. Sannan gudawa da amai suna nan a da ma, sau da yawa dai ba a danganta su da abincin da ya kwana ne.

Injiniya Bala, Kakuri

Aikina gyaran kayan wuta ne, kuma ina so in ƙara abin da ya shafi wutarmu. Adadin mintunan da aka rubuta a jikin na'ura ko a takardarta an lissafa shi ne bisa cikakkiyar wuta ta bolt 230. Idan wuta ta zo da rauni, fitila za ta kama, faifai zai juya, ƙarar ma za ka ji ta, amma magnetiron ba ya ba da zafin kirki, wani lokaci ma ba ya bayarwa sam. Mutane da yawa sun kawo mini na'ura wai ta mutu, ina jona ta a wuta mai ƙarfi ta yi aiki lafiya. Haka kuma wadda aka rubuta wa wat 800 tana jan kusan wat 1,200 daga soket, saboda haka ƙaramin janareta ba ya ɗaukarta. Kada a amince da agogon na'ura, a duba abincin kansa.

Yawancin waɗanda nake gyarawa kwanon ƙarfe ne ya lalata su. Langa da kwanon samira fenti ne kawai a kansu, ƙarfe ne a ciki, haka faranti mai zanen ruwan gwal a baki, da cokali mai yatsu, da gwangwanin da ake dafa alale, duk suna iya jawo tartsatsi. Akwai kuma wani ɗan faifai mai kama da kwali a bangon ciki, wanda manja da miya suke fantsama a kansa, idan ba a goge ba sai maiƙon ya ƙone ya huda shi. Wanda ƙofar na'urarsa ta lanƙwashe ko ba ta rufuwa daidai, ya daina amfani da ita har a duba. Kuma don Allah kada kowa ya kwance bayanta da kansa, akwai kafasita mai riƙe wuta kusan bolt 2,000, tana iya kashe mutum ko bayan an zare filogi.

Zainabu, Malali

Ni ɗaliba ce. A ɗakinmu na makaranta wata abokiyar zamana ta ɗumama dafaffen ƙwai da aka riga aka ɓare, ya fito lafiya ƙalau, tana soka masa cokali ya fashe mata a fuska, sai da fatar idonta ta kumbura. Tururi ne yake taruwa a cikin kwaiduwar ba shi da mafita. Tun daga ranar ba ma saka ƙwai sai an yanka shi, dankali da tsiren soseji kuma sai an huhhuda su. Ruwan shayi ma a kula da shi, domin a kofi mai santsi yana iya wuce zafin tafasa ba tare da an ga yana ɓararraka ba, ana zuba siga ya taso gaba ɗaya. Anti Asabe, robar da ake sayo abinci a ciki fa, da ledar alale?

Maman Yusra, Unguwar Dosa

Ina so in ja hankali ga abin da yake faruwa kafin a kai ga na'urar. A unguwarmu akwai lokacin da aka daɗe ba wuta, kifin da ke firizar maƙwabciyata ya narke, wuta ta dawo ya sake daskarewa, ba wanda ya lura sai da aka narkar da shi wari ya tashi. Firiza cikakkiya tana riƙe sanyi kusan awa 48 idan ba a buɗe ta ba, mai rabi kusan awa 24, firiji kuwa awa 4 kacal. Ni ina daskarar da ruwa a ƙaramin kofi in ɗora kwabo a sama, idan na tarar da kwabon ya nutse ƙasa, na san kayan sun narke a bayan idona.

Hajiya Asabe, Barnawa

Zainabu, 'yata, ki juye abincin a tangaran ko gilashi. Robar sayar da abinci, da farin kwanon nan mai kama da soso, da baƙar leda, ba a yi su domin zafi ba, kuma miya mai manja ko man gyaɗa tana yin zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa, shi ya sa za ki ga robar ta lotsa ko ta yi tabo daidai inda man ya tsaya. Sai wadda aka rubuta a gindinta cewa ta dace da maikirowef. Alale kuma ki warware shi daga ledar tukuna.

Tun da an yi maganar ɗumame, ga yadda nake yi wa tuwo. Ina yanka malmalar gida huɗu ko fiye, in jera yankunan a gefen faranti in bar tsakiya fili, in yayyafa ruwa, in rufe da wani farantin tangaran in bar 'yar kafa domin tururi. A tsakiyar lokaci ina buɗewa in juya su, kuma wajen buɗe murfin ina karkata shi nesa da fuskata. Miya daban nake ɗumama ta, ina motsa ta daga gefe zuwa tsakiya har sai ta tafasa, domin miyar taushe da ta kuɓewa suna da kauri, gefe yana ɓararraka tsakiya tana da sanyi. Idan na'urar ta tsaya ba na gaggawar fitarwa, ina barin abincin a rufe minti biyu zafin ya daidaita, sannan in tsaga yanki mafi kauri in duba. Abin da za a cinye kawai nake ɗiba, domin wanda aka ɗumama sau ɗaya ba ya komawa firiji a gidana.